A San Ciwo Kafin A Nemi Magani

A cikin 'yan shekarun nan wani ƙaramin akwati ya shigo gidajen ma'aikata da ɗakunan ɗalibai, ya sami wurin zama kusa da rediyo da talabijin. Shi ne wanda ake kira rauta, watau na'urar da ke karɓo intanet daga kamfanin sadarwa ta rarraba wa wayoyi da kwamfutocin da ke cikin gida. Ba don ado aka ajiye ta ba. Ta hanyarta ma'aikaci yake duba takardar albashinsa, ya aika da rahoton da aka ce lalle ya isa ofis kafin safiya, ya biya kuɗin makarantar yara ba tare da ya je ya bi layi a banki ba. Ta hanyarta kuma ɗalibi yake yin rajistar darussa, ya duba sakamakon jarrabawa, ya nemi gurbin ƙaro ilmi. Saboda haka ranar da na'urar nan ta ƙi aiki, ba hira kaɗai ake rasawa ba, wani lokaci karatun shekara guda ne yake neman salwanta.

Kwanan baya wani maƙwabcina, ma'aikaci mai 'ya'ya biyar, ya same ni bayan sallar Isha'i ransa a ɓace. Ɗansa na fari yana da rajistar da za a rufe washegari da tsakar dare, ga shi kwana biyu ke nan kwamfutar yaron tana nuna ta haɗu da rauta, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Ya sayi data har sau biyu, yana zaton ita ce ta ƙare. Ya buga wa kamfani waya, aka ce ya kashe ya kunna. Daga nan ya ɗauki rautar ya kai kasuwa wurin mai gyara, shi kuwa ya sa tsinke ya danna maɓallin nan da ke goge duk wani saiti, ya karɓi kuɗinsa ya sallame shi. Aka dawo gida, jiya i yau. Da muka zauna muka duba a tsanake, sai muka tarar rautar lafiyarta lau, kamfani ma ba shi da laifi. Ashe wata tsohuwar rauta ce da wani ɗan'uwa ya ba su, aka jona ta da waya a ɗakin samari don sabis ya kai can, ita ma ta shiga rabon adireshi kamar ta farko, har kwamfutar yaron ta riƙa bin wadda ba ta da hanyar fita. Gyaran bai ci minti biyar ba, kuma ko kwabo ba a kashe ba.

Ban kawo wannan labari don a yi wa maƙwabcina dariya ba, domin irinsa ya sami da yawa daga cikinmu. Na kawo shi ne don in nuna cewa mun shigo da wani abu gidajenmu, mun ɗora masa albashinmu da karatun 'ya'yanmu da sirrin ajiyarmu ta banki, alhali kuwa mun ƙi mu koyi ko da baƙaƙensa na farko. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya iya karanta jaridar nan zai iya fahimtar abubuwa biyu game da intanet ɗin gidansa, kuma wajibi ne ya fahimce su: yadda ake ba kowace na'ura adireshi, da yadda ake juya suna ya koma lamba. Wanda ya san waɗannan biyu ya tsare aljihunsa daga asara, ya kuma tsare ƙofar gidansa daga baƙon da bai gayyata ba.

Maganar adireshi

Kowace na'ura da ke son yin magana a intanet tilas ta kasance da lamba, kamar yadda wasiƙa ba ta isa sai da adireshi. Wannan lamba ita ce ake nunawa da haruffan IP a fuskar waya ko kwamfuta. Tsarin da aka fi amfani da shi an shimfiɗa shi ne a Amurka cikin watan Satumba na 1981, a wata takarda da Jon Postel ya tsara, kuma lambar takan zo kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowane kashi daga 0 zuwa 255. Idan aka yi lissafi, tsarin ba zai iya ba da fiye da adireshi biliyan 4 da miliyan 294 da 'yan kai ba. A wancan zamani adadin ya yi kama da abin da ba shi da ranar ƙarewa, amma a ranar 3 ga Fabrairu, 2011, hukumar da ke rabon lambobin a duniya ta miƙa ragowar da ke hannunta ga hukumomin yankuna biyar, ciki har da AFRINIC mai kula da Afirka, wadda mazauninta yake tsibirin Morishiyas. An riga an ƙirƙiro sabon tsari mai yalwa ƙwarai, wanda ake kira tsari na shida, sai dai har yanzu tsohon ne ke ɗauke da nauyin aiki a yawancin gidajenmu.

Saboda wannan ƙaranci aka yi dabara. A cikin 1996 aka tabbatar da keɓe waɗansu lambobi don amfanin cikin gida kawai, watau masu farawa da 10, da masu farawa da 172.16 zuwa 172.31, da kuma masu farawa da 192.168. Ma'aikacin gwamnati zai gane wannan dabara nan take, domin ita ce ake yi a ofishinsa. Ma'aikata guda jakar gidan waya guda take da ita, amma ofisoshinta na iya kai ɗari. Wasiƙa ta zo, akawun rajista ya duba, ya ba masinja ya kai ta ofishin da ya dace. To, rauta ita ce akawun rajistar gidanka. A waje, lamba ɗaya aka san gidan da ita. A ciki kuwa, ita ce ke ba wayar maigida 192.168.1.5, ta ba kwamfutar yaro 192.168.1.6, ita kanta ta riƙe 192.168.1.1, ko 192.168.0.1, ko kuma 192.168.8.1 a kan da yawa daga cikin ƙananan nan na aljihu. Shi ya sa lambar wayarka za ta iya zama daidai da ta maƙwabcinka ba tare da wani rikici ba, kamar yadda kowace ma'aikata take da ofis mai lamba 5.

Ba da hannu ake yin wannan rabo ba. Akwai wani tsari da aka fito da shi a 1993, aka sake gyara shi a 1997, wanda ake gani a shafin rauta da haruffan DHCP. Da zarar na'ura ta shigo sai ta yi kira ta ce tana neman adireshi, rauta ta yi mata tayin lamba, na'urar ta ce ta karɓa, rauta ta tabbatar. Tare da lambar ana sanar da ita abubuwa biyu masu muhimmanci: ƙofar da za ta bi ta fita waje, wadda ita ce rautar kanta, da kuma wurin da za ta riƙa tambayar sunaye. Lambar nan aro ce ta wani wa'adi, sau da yawa kwana ɗaya, kuma idan wa'adin ya kai rabi na'urar takan koma ta nemi a sabunta mata.

A nan ne matsaloli huɗu suke ɓullowa, kuma kowacce da alamarta. Ta farko ita ce na'ura ta yi kira ba a amsa ba. Idan haka ta faru, kwamfuta takan ɗaukar wa kanta lamba mai farawa da 169.254, wadda ba ta kai kowa ko'ina. Mu da muke fama da ɗaukewar wutar lantarki muna yawan haɗuwa da wannan, domin idan aka kawo wuta ko aka tayar da janareta, talabijin da kwamfutar tebur sukan riga rauta farkawa, su yi ta kira alhali mai amsawa bai shirya ba. Ta biyu ita ce irin ta maƙwabcina, watau masu rabo biyu a gida ɗaya. Maganinta shi ne a shiga shafin rauta ta biyu a kashe mata rabon adireshi, a bar ta tana yaɗa sabis kawai. Ta uku ita ce na'urori biyu su sami lamba ɗaya, abin da kan faru idan wani ya rubuta wa firinta ko kwamfuta lamba da hannu, daga baya rauta ta ba wata na'ura irinta. Ta huɗu kuwa ita ce cunkoso: ƙananan rautocin aljihu waɗansu na'urori 10 kawai suke ɗauka, waɗansu 16, kuma a gidan da aka raba wa duk unguwa kalmar sirri, maigida da kansa yana iya dawowa daga aiki ya tarar babu sauran gurbi.

Maganar suna

Na'ura lamba take ji, mutum kuwa suna yake iya riƙewa. Babu wanda zai haddace lambar shafin bankinsa da ta makarantar ɗansa da ta ma'aikatarsa, don haka tilas a sami mai fassara tsakanin suna da lamba. A farkon al'amari, lokacin da kwamfutocin da ke haɗe da juna ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, takarda guda ce ake rubuta dukkan sunaye da lambobinsu a ciki, wata cibiyar bincike a Kalifoniya take kula da ita a ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Feinler, kowa ya riƙa kwafa daga can. Da abin ya yi yawa takarda guda ta kāsa, sai Paul Mockapetris ya fito da sabon tsari a 1983, wanda shi ne ake nunawa da haruffan DNS. Waɗanda suka yi zamani da littafin lambobin tarho sun san aikinsa: ka san sunan mutum, ka buɗe littafi ka sami lambarsa. Bambancin kawai shi ne, wannan littafi ba a hannun mutum ɗaya yake ba, an rarraba shi hawa-hawa.

Alal misali, idan ɗalibi ya rubuta sunan shafin jami'arsa mai ƙarewa da edu.ng, wayarsa takan tambayi rauta, rauta ta tambayi magatakardan sunaye na kamfanin sadarwa. Idan shi ma bai sani ba sai ya tambayi tushe, wanda yake da sunaye 13 daga harafin A zuwa M, ko da yake kwamfutocin da ke amsa waɗannan sunaye suna da yawa a warwatse cikin duniya. Tushe ya nuna masa masu kula da sunayen da ke ƙarewa da ng, aikin da ke hannun ƙungiyar NiRA a Nijeriya, su kuma su nuna masa magatakardan jami'ar, wanda zai ba da lambar. Duk wannan kai da kawowa ba ya cika daƙiƙa guda, kuma kowa a hanya yakan ajiye amsar na ɗan lokaci don kada a sake wahala. Ajiyar nan ita kanta takan zama matsala, idan shafi ya sauya lamba amma kwamfutarka tana riƙe da tsohuwa.

Alamar ciwon suna ta bambanta da ta ciwon adireshi. Na'ura tana da lambarta daidai, hanya a buɗe take, wani lokaci ma waɗansu manhajoji suna ci gaba da aiki domin sun riga sun san inda za su, amma duk sunan da ka rubuta sai a ce ba a same shi ba. Kada mai karatu ya ɗauka ƙananan mutane kaɗai wannan yake samu. A ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace daga duniya na kimanin sa'o'i shida, saboda wani kuskure a cikin kamfanin ya toshe hanyar zuwa wurin magatakardan sunayensu. Kwamfutocinsu suna nan, amma babu mai iya faɗin inda suke. A wannan dare mutane da yawa sun yi ta kashe wayoyinsu suna kunnawa, suna zargin kamfanonin sadarwarsu a kan laifin da ba nasu ba.

Bincike bi da bi

Likitan kirki ba ya rubuta magani sai ya yi tambaya ya kuma auna. Haka ya kamata maigida ya yi, kuma tambayoyin farko ba su bukatar wani ilmi. Na'ura ɗaya ce ta ƙi, ko dukkansu? Idan ɗaya ce, a bar rauta ta huta, a dubi na'urar. Shafi ɗaya ne ya ƙi buɗewa, ko kowane shafi? Idan ɗaya ne, musamman shafin rajista a ranar ƙarshe, mai yiwuwa cunkoso ne a can, ba abin da za ka taɓa a gidanka ya gyara shi. Akwai sauran data? Fitilar rauta mai nuna sabis tana ci yadda ta saba? Sai an gama da waɗannan sa'an nan a shiga ciki.

Mataki na farko shi ne a dubi lambar da na'urar ta samu. A waya ana ganinta cikin bayanin waifai ɗin da aka haɗu da shi. A kwamfuta mai Windows ana buɗe baƙin allon nan na ba da umarni a rubuta ipconfig. Idan lambar ta fara da 169.254, an san rabo bai yiwu ba: a cire na'urar daga waifai a sake haɗa ta, ko a rubuta ipconfig /release sa'an nan ipconfig /renew, ko a kashe rauta a kunna, a jira ta gama farkawa kafin a kunna sauran. Idan kuwa lambar ta yi dabam da ta sauran na'urorin gida, wannan tana 192.168.0 waɗancan suna 192.168.1, to a nemi mai rabo na biyu.

Mataki na biyu shi ne a ƙwanƙwasa ƙofar rauta, ta hanyar rubuta ping da lambarta, ko a rubuta lambar a wurin da ake rubuta sunan shafi. Idan ta amsa, cikin gida lafiya. Na uku, a ƙwanƙwasa wata ƙofa a waje da lamba zalla, kamar a rubuta ping 8.8.8.8. Idan rauta ta amsa amma waje bai amsa ba, to matsala tana tsakanin rauta da kamfani ko can gaba, kuma a nan ne kiran kamfani yake da amfani. Irin wannan ne ya faru a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da manyan wayoyin intanet guda huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, har harkokin bankuna da na sadarwa suka tangarɗe a Nijeriya da Gana da waɗansu ƙasashen Afirka ta Yamma. A rana irin wannan duk wanda ya kai rautarsa kasuwa kuɗinsa kawai ya zubar.

Mataki na huɗu shi ne a gwada suna. Idan lamba zalla ta amsa amma suna ya ƙi, an kama ciwon, na magatakardan sunaye ne. A fara da goge tsohuwar ajiya ta hanyar rubuta ipconfig /flushdns. Idan bai yi ba, a duba wace lamba aka sa a gurbin DNS, a na'urar da kuma a rauta, a tabbata ba wani ne ya rubuta wata baƙuwa ba. A wayoyin Android, tun daga fitowa ta 9 a 2018, akwai wani gurbi na musamman na sa magatakardan sunaye na sirri, kuma idan aka rubuta suna marar kyau a wurin waya takan rasa intanet gaba ɗaya, a waifai da a data. Idan duk waɗannan daidai suke, sa'an nan a gwada wani magatakarda sananne.

Sharuɗɗa biyu ne ke tsare mai bincike daga ɓarna. Kada a sauya komai sai an rubuta yadda aka same shi a takarda, kuma kada a sauya abu biyu a lokaci guda, domin in an yi haka ba za a san wanne ya yi magani ba. Amma maɓallin nan na goge saiti, shi ne na ƙarshen ƙarshe, domin yana share sunan waifai da kalmar sirri da duk wani saitin da kamfani ya yi, ya mai da rauta kamar yau aka ciro ta daga kwali. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Amana ce, ba saiti kaɗai ba

Yanzu ya zama yayi a tsakanin samari, duk wanda ya kawo kukan intanet sai a ce masa ya sauya DNS. Lalle akwai sanannun magatakarda na kyauta: kamfanin Google ya buɗe 8.8.8.8 a Disamban 2009, Quad9 ta buɗe 9.9.9.9 a 2017 mai toshe sunayen shafukan cuta, Cloudflare kuma ya buɗe 1.1.1.1 a Afrilun 2018, daga baya ya ƙara 1.1.1.3 mai toshe shafukan batsa, wanda zai amfani gidan da ke da yara. Suna da amfani idan na kamfaninka ya gaza. Amma a faɗi gaskiya, sauya magatakarda ba ya ƙara ƙarfin sabis, ba ya sa data ta daɗe, kuma ba ya gyara ciwon adireshi. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, duk wanda ka naɗa magatakarda ka ba shi damar sanin sunan kowane shafi da gidanka yake nema, ka kuma amince da duk amsar da ya ba ka.

Idan magatakardan maƙaryaci ne fa? Ka rubuta sunan bankinka daidai, ba ka yi kuskuren ko harafi ɗaya ba, shi kuwa ya ba ka lambar gidan ɓarayi da aka yi wa fenti irin na bankin. Wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Nuwamba na 2011 hukumar FBI ta Amurka ta ba da sanarwar kama waɗansu mutane a ƙasar Estoniya, waɗanda suka yaɗa wata muguwar manhaja da ake kira DNSChanger. Aikinta kawai shi ne ta sauya lambar magatakardan sunaye a ɓoye, kuma ta kama kwamfutoci kimanin miliyan 4 a ƙasashe fiye da 100, masu ita suka tara aƙalla dala miliyan 14. Bayan haka, a ranar 21 ga Oktoba, 2016, aka yi amfani da dubban kyamarori da rautocin gidajen mutane, waɗanda masu su suka bar kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta, aka kai hari kan kamfanin Dyn mai hidimar sunaye, har manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa a sassan Amurka da Turai.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rauta kalmar sirri biyu take da ita, ta shiga waifai da ta shiga shafin saitinta, kuma ta biyun ce mutane da yawa ba su ma san da ita ba. A kan rautoci da yawa kalma ce guda da kowane yaro ya sani, a rubuce take a bayan akwatin. Duk wanda ka ba kalmar waifai, in ba ka sauya ta biyun ba, ka ba shi ikon naɗa wa gidanka magatakarda. Ma'aikacin da ba zai taɓa barin makullin ofis a jikin ƙofa ya tafi gida ba, shi ne yake barin wannan a buɗe shekara da shekaru, kuma a kan wannan intanet ɗin yake buɗe wasiƙun aiki. Haka nan idan ka nufi shafin banki ko na ma'aikata sai waya ta yi maka gargaɗi cewa shaidar shafin ba ta inganta ba, kada ka danna ka wuce. Tsaya ka duba lambar magatakardanka tukuna.

Na san wani zai ce shi ba injiniya ba ne, kuɗinsa ya biya, hakkin kamfani ne ya ba shi abin da ya saya. Maganarsa tana da hujja, kuma ba na wanke kamfanoni daga nasu hakki. Amma hukumar ruwa iyakarta ta kawo ruwa bakin gida. Idan famfon banɗakinka ya toshe, ba za ka zauna kana jiranta ba. Ba kuma wanda ya ce direba ya zama makaniki, amma direban da bai iya duba mai da ruwa da iskar taya ba, kullum aljihunsa a hannun wani yake. Abin da nake kira a kai bai wuce wannan ba. Wanda ya buga wa kamfani waya ya ce rautarsa tana amsawa amma waje ba ya amsawa, ya fi samun biyan bukata a kan wanda abin da zai iya faɗi kawai shi ne intanet ba ya yi.

Duk da haka akwai aiki a gaban mahukunta. Ya kamata kamfanonin sadarwa su riƙa haɗa kowace rauta da 'yar takardar bayani cikin Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa, mai nuna lambar shafin saiti da yadda ake sauya kalmar sirrinsa, kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1992 don kula da wannan fanni da kare masu amfani da shi, ita ce ta fi dacewa ta sa a yi haka. Ya kamata malaman kwamfuta a makarantun sakandare da kwalejoji su rage sa yara haddar sunayen sassan kwamfuta, su ɗauko rauta guda su ajiye a gaban aji, kowane ɗalibi ya duba lambarsa ya ƙwanƙwasa ƙofa da hannunsa. Darasi biyu sun isa. Sassan horar da ma'aikata su ma su sa wannan cikin kwasa-kwasansu, tun da aikin gwamnati ya fara bin ma'aikata har gida. Masu gyara kuma su ji tsoron Allah, su riƙa bincike kafin su kai hannu kan tsinke, su kuma gaya wa mai kaya abin da suka sauya.

Kafin a yi waɗannan, mai karatu yana da abin da zai iya yi yau da daddare. Ya juya rautarsa ya karanta abin da ke rubuce a bayanta, ya shiga shafin saitinta ya sauya kalmar sirri, ya ƙidaya na'urorin da ke haɗe ya ga ko duk ya san masu su, sa'an nan ya rubuta lambar rauta da ta magatakardan sunaye a takarda, tun abin yana aiki lafiya, ya ajiye tare da rasiɗan gida. Ranar da matsala ta zo, wannan takarda ce za ta nuna masa abin da ya sauya. Ɗan maƙwabcina ya sami yin rajistarsa sauran sa'o'i kaɗan a rufe, kuma yanzu shi ne ke duba wa gidansu. Allah Ya sa mu gane, Ya kuma tsare mu daga asarar da sakaci yake jawowa.